Ruwan da ke ƙasan kwazazzabon Sebatu

Saro kaya ne ya kai ni Indonesiya. Ina da shago a Kantin Kwari, kuma na daɗe ina ɗauko hijabai da dogayen riguna daga kasuwar Tanah Abang da ke Jakarta. A watan Yulin 2024 na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a Doha, kashegari muka sauka. Biza tun daga gida na nemo ta, domin mai fasfon Najeriya ba a buga masa ita a filin jirgi, kuma sai da na yi makonni ina jiranta. Cikin kwana biyar na gama saye, sai masu ɗinki suka ce kayan da na ba da aiki ba za su kammala ba sai bayan mako guda. Wani abokin cinikina, mutumin tsibirin Jawa, ya ga zaman otel ya ishe ni, ya ce, "Pak Haji, je ka ga Bali mana, kwana uku ya ishe ka."

Tafiyar jirgi daga Jakarta zuwa tsibirin Bali ba ta kai awa biyu ba. Agogon Bali yana gaban na Jakarta da awa ɗaya, yana gaban na Kano da awa bakwai. Kafin in taso na biya harajin baƙi ta waya, rupiya 150,000, wanda gwamnatin Bali ta fara karɓa a watan Fabrairun shekarar. A lokacin dala ɗaya tana wajen rupiya 16,000, don haka mutum yana riƙe da miliyoyi a aljihu amma abincin 'yan kwanaki ne. Daga filin jirgin Ngurah Rai zuwa garin Ubud bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba, amma cunkoson motoci da babura ya sa muka yi kusan awa biyu.

Na sauka a wani gidan iyali da ke ba da hayar ɗakuna, rupiya 300,000 kwana ɗaya har da karin kumallo. Da na shiga ƙofar gidan sai na ci karo da wata 'yar katanga a tsaye, dole ka karkata dama ko hagu kafin ka ga tsakar gida. Nan take na tuna zaurenmu. Mu mun gina shi don kada baƙo ya hango mata, su kuma matar gidan ta ce mini miyagun iskoki ba su iya shan kwana, shi ya sa. A wani lungu na gidan, ta ɓangaren da ke fuskantar duwatsu, akwai wurin bautar iyali. Kowace safiya matar tana fitowa da faranti cike da 'yan ƙananan kwanduna na ganyen kwakwa, kowanne bai fi tafin hannu ba, da furanni da 'yar shinkafa da turaren tsinke a kai. Canang suke ce musu, ana furta shi "canang" kamar yadda muke cewa "canji". Tana ajiye ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya kan babur, ɗaya gindin famfo. Ranar farko na kusa taka ɗaya, daga nan na koyi tafiya ina duban ƙasa.

Abubuwa biyu suka dame ni a daren farko. Na ɗaya shiru: a Jakarta masallatai ke tashe ni, a nan kuwa zakaru da karnuka ne, don yawancin mutanen Bali addinin Hindu suke bi, Musulmi ba su wuce kamar ɗaya cikin goma ba. Na biyu abinci. Gasasshen alade shi ne abincin alfarmarsu, a bakin titi ake rataye hotonsa. Abokina ya riga ya gaya mini in nemi wurin da aka rubuta "Masakan Padang" ko "Warung Muslim". Na samu ɗaya kusa da kasuwa, na ci shinkafa da naman sa da aka dafa da madarar kwakwa har ya yi baƙi, rendang ke nan, da dafaffen ganyen rogo da yajinsu mai kore, duka rupiya 35,000. Alƙibla kuma yamma take, ta ɗan karkata arewa. Duk zuwan da nake yi ƙasar, jikina bai daina neman gabas ba idan na shimfiɗa darduma.

Matar gidan ce ta haɗa ni da direba, rupiya 600,000 yini guda. Ya ce in kira shi Pak Made, "Pak" kamar "Malam" ne a wurinsu. Ya bayyana mini cewa a Bali suna bin jerin haihuwa ne: ɗan fari Wayan, na biyu Made, na uku Nyoman, na huɗu Ketut, in aka haifi na biyar a koma Wayan. Na ce masa mu ma muna da Auta da Gambo da Tanko, kowanne da dalilinsa, ya yi ta jinjina kai. Da ɗan Turancinsa da ɗan yaren kasuwa da na tsinta a Tanah Abang muka yi ta fahimtar juna. Na ce ina so in ga Tirta Empul, wurin wankan tsarkin da ake yawan nunawa, wanda aka kafa tun wajen shekarar 962. Ya ce zai kai ni in na matsa, amma layin 'yan yawon buɗe ido zan tarar. Shi da iyalinsa wani wurin wanka na ƙauyen Sebatu suke zuwa, can ƙasan wani kwazazzabo, kuma dama yana so ya ɗebo wa mahaifiyarsa ruwa. Na ce mu je can.

Ƙarfe bakwai na safe muka kama hanyar arewa, hagu ake bi da mota a ƙasar. Titi siriri ne, yana ta hawa, gefe da gefe shagunan masu sassaƙar itace. Tun daga filin jirgi ban ga shingen 'yan sanda ko ɗaya ba, ni da na saba ƙirga su a hanyar Kano zuwa Kaduna. Sau ɗaya aka tsayar da mu, su ma ba jami'an gwamnati ba ne. Wasu maza ne sanye da zane mai gida-gida baƙi da fari, 'yan sintirin ƙauye da ake kira pecalang, suka ɗaga hannu duk motoci suka tsaya cak. Jerin gwanon mata ne suka tsallaka, kowacce da tulin 'ya'yan itace a ka kamar kayan gara, maza na biye da kiɗan ƙarafa. Mun fi minti ashirin a tsaye, ba wanda ya danna oda, ba wanda ya nemi ko sisi.

A Tegallalang muka tsaya na kalli gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tudu. Na taɓa yin noman rani a Kura, na san rigimar da ake yi tsakanin na farkon kwata da na ƙarshenta idan ruwa ya yi ƙaranci, don haka abin da na fara tambaya shi ne wa ke raba ruwan. Ya ce subak. Ƙungiyar manoman da ke shan ruwa daga madatsa ɗaya ce, suna da shugaba da suka zaɓa, suna da wurin bautarsu, kuma a nan ake yanke ranar shuka da ranar da kowa zai bar gona ta huta. Na gaba ba ya iya riƙe ruwa ya hana na baya, domin idan ba su yi shuka da girbi tare ba ƙwari za su yi ta ƙaura daga gona zuwa gona su cinye na kowa. A shekarun 1970 gwamnati ta kawo sabon iri ta ce kowa ya yi ta shuka ba hutu, a yi watsi da kalandar wuraren bauta, sai ƙwari suka yi musu ɓarna, daga baya aka dawo wa tsohon tsari. A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsarin cikin kayan tarihin duniya. Pak Made ya nuna arewa da baki, inda tafkin Batur yake a cikin bakin dutse mai aman wuta, ya ce a imaninsu duk ruwan nan kyautar Dewi Danu ce, uwar tafkin, ita ke turo shi ta ƙarƙashin ƙasa.

Bayan mun wuce ƙauyen Sebatu ya ajiye mota a wani fili. Babu wani babban allo, babu masu tallar hula da tabarau. Wata dattijuwa a rumfa ta ba ni zane da ɗamara na aro, Pak Made ya ɗaura mini a kan wandona, ya ce ba a sauka sai da su. Shi ya sa farar riga, ya naɗa ɗan rawaninsu, ya ɗauko kwandon furanni da wata farar jarka. A jikin allo an rubuta waɗanda ba su shiga: mace mai al'ada, da wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan bai fita daga kwanakin ba. Akwai akwatin gudummawa, na saka rupiya 50,000.

Sai matakala. Na fara ƙirgawa, da na wuce ɗari na bari, don hankalina ya koma kan inda zan sa ƙafa. Siminti ne amma gansakuka ta rufe gefensa, danshi ko'ina, takalmina na fata kuwa ba na irin wurin ba ne. Sau ɗaya ƙafata ta zame na dafe da hannu, fatar tafin ta ɗan saɓule. Pak Made ya ce in cire takalmin in riƙe, da ƙafa zalla ya fi kama ƙasa, haka kuwa aka yi. Muna sauka haske yana raguwa. Gora ce dogaye suna goga juna suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ga ayaba, ga wasu itatuwa da jijiyoyinsu ke saukowa daga sama kamar na ceɗiya. Wata babbar bishiya an ɗaura mata zanen nan baƙi da fari a gindi, ya ce alama ce akwai mai zama a cikinta. Na tuna tsamiyar bayan gari da iyayenmu ke hana mu zuwa gindinta da tsakar rana. Zafin da muka baro a sama ya tafi, sai sanyi mai ratsa riga, sai ƙarar ruwa da ke ƙaruwa har muka daina jin maganar juna sai mun ɗaga murya.

Wanda ya ga Gurara da damina, ko matsirgar Kafanchan, ba girman wannan zai burge shi ba. Tsawonta bai fi mutum biyu a tsaye ba. Ruwan yana fitowa ne daga jikin baƙin dutse da ganyaye suka lulluɓe, ya zubo da ƙarfi cikin wani ɗan kwarmi da bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, sannan ya bi rafi ya shige kurmi. Garau yake, kana ganin kowace tsakuwa. A gefe an gina ƙananan wuraren ajiye hadaya, an yafa musu ƙyalle fari da rawaya, hayaƙin turare yana tashi yana cakuɗuwa da feshin ruwa. Abin da na tsaya ina nema da ido shi ne leda, ko kwalba, ko kumfar sabulu. Ban ga ko ɗaya ba.

Mun tarar da iyalai uku. Na samu wani dutse daga gefe na zauna. Abin da suke yi sunansa melukat, wato wanke abin da ya manne wa mutum wanda ido ba ya gani: baƙin ciki, mugun mafarki, jinyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko sammu. Da farko suna zama a ƙasa gaban wani dattijo mai fararen kaya, pemangku, yana kaɗa 'yar ƙararrawa da hannun hagu yana karanta addu'o'insu. Kowa ya ɗauki fure tsakanin yatsu, ya haɗa tafuka a goshi. Sannan su shiga ruwan ɗaya bayan ɗaya da zanensu a jiki, su kurkure baki, su wanke fuska, su sunkuya su sa kai ƙarƙashin ruwan. In sun fito dattijon ya yayyafa musu ruwa daga wata 'yar kwakwa rawaya, ya zuba musu a tafin hannu su kurɓa sau uku, ya manna musu jiƙaƙƙiyar shinkafa a goshi. Pak Made ya ce tsofaffinsu suna kiran addininsu agama tirta, addinin ruwa mai tsarki, domin daga bikin jariri har ƙona gawa babu abin da ke kammala sai da shi.

Akwai wata yarinya da ba zan manta ba. Ba za ta wuce shekara ashirin ba, ramammiya, idanunta sun faɗa. Mahaifiyarta da wani saurayi, ina jin yayanta ne, suka riƙe ta suka shiga da ita. Ruwan yana sauka a kanta ta ƙanƙame jiki, ta fara rawar ɗari, sai ta ɓarke da wani kuka mai ƙarfi da ya fi ƙarar ruwan. Uwar ba ta janye ta ba. Ta sa hannu ɗaya ta riƙe mata zane kada ya kwance, ɗaya hannun tana shafa mata baya, leɓɓanta suna motsi. Sun jima a haka. Da suka fito yayan ya lulluɓe ta da tawul, uwar ta zauna a ƙasa ta ɗora kan 'yar a cinyarta tana matse mata gashi. Wannan fuskar uwar na san ta. Na gan ta a gidanmu shekarun baya lokacin da ƙanwata ta yi wata doguwar jinya, Inna tana zaune a bakin ƙofa ana yi wa 'yarta ruƙiyya, ba ta kuka, ba ta magana, sai bakinta ke motsi. Sai da na kau da kai, don idona ya cika.

Da Pak Made ya gama nasa ya zo yana ɗigar ruwa, ya ce, "Pak Haji, in kana so ka shiga, ba a hana kowa. Turawa ma suna yi." Na ce masa na gode, amma wannan ibada ce, kuma ni Musulmi ne, ba na roƙon kowa sai Allah. Na ji nauyin faɗar haka a wurin da suka karɓe ni hannu biyu. Shi kuwa ko a fuska bai nuna komai ba. Ya ce maƙwabcinsa ma Musulmi ne daga Jawa, yana raka su har bakin matakala ya jira. Ya gaya wa dattijon da yarensu, dattijon ya haɗa hannu a ƙirji ya ɗan sunkuyar da kai, ni ma na dafa ƙirjina. Ban yi alwala a wurin ba duk da tsabtar ruwan, don kada su ɗauka na shiga abinsu, kada kuma ni in rikita nawa. Can ƙasa inda rafin ya bar harabar na tsoma hannun da ya ji ciwo. Sanyinsa kamar ruwan randa a tsakiyar hunturu.

Ina zaune ina ta tunanin gida. Mu ma ba baƙin ruwa ba ne a addini. Sau biyar a rana muke wanke gaɓoɓi, yaro tun yana allo yake koyon bambancin ruwa mai tsarki da mai tsarkakewa, an hana mu yin bawali a ruwan da ke tsaye, an hana mu ɓarnar ruwa ko da a bakin kogi muke alwala. Kuma mu muka fi su sanin tsadarsa. Na sayi jarka daga 'yan garuwa a watan Afrilu, na ga mata a ƙauyen kakannina suna sammako su yi tafiya mai nisa kafin su cika tulu. A Daura an killace rijiyar Kusugu, ana kai baƙi su gani, ana girmama ta. Amma rafin Jakara da ya ratsa tsakiyar birninmu fa? Kududdufan da iyayenmu suka haƙa suka gina gidaje da ƙasarsu, waɗanda ke shanye ruwan damina, wasu an cike su da shara an yi gini, ragowar sun zama juji. Mutanen nan na Sebatu suna tsoron mai ruwan, shi ya sa ba mai jefa ko bawon alewa. Mu da muka ce mun san Mahaliccin ruwan, kuma ya gaya mana daga gare shi ya yi duk wani abu mai rai, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Kada in yi musu yabon da ya wuce gona da iri. A hanyar komawa, kusa da wata kasuwa, na ga kwata cunkushe da leda da robobi kamar ta Sabon Gari. Na nuna wa Pak Made. Ya ce a da komai a ganyen ayaba ake ƙunshewa, ka ci ka yar ya ruɓe, hannu ya saba da yarwa sai ganyen ya koma leda. Ya ce gwamnatin Bali ta hana ledar saye-saye tun 2019, manyan kantuna sun bi, kasuwannin ƙauye kuwa da sauran aiki. Inda suke ganin tsarki ne suke kiyayewa, da ruwan ya gangaro gari sai ya zama na kowa. Na ce masa mu ma alalarmu a ganye take a da.

Kafin nan sai da muka hau matakalar. Hawan ya fi saukar wuya nesa ba kusa ba. Sau huɗu ina tsayawa, gwiwoyina suna rawa, numfashi yana sarƙewa, gumi ya jiƙa zanen aron. Pak Made yana gaba da jarkarsa cike, ya ɗora ta a kafaɗa, in ya tsaya jirana ba ya ajiye ta a ƙasa. A hutu na uku iyalin yarinyar suka cim mana. Yayan ya goyo ta. Uwar ta tsaya ta buɗe kwandonta ta miƙo mini 'ya'yan itace biyu masu ɓawo kamar fatar maciji, salak sunansu. Na dubi Pak Made, ya gane abin da nake tambaya, ya yi mata magana, ta girgiza kai ta nuna wata leda daban: ba na hadaya ba ne, guzurinsu ne. Na karɓa na ce, "Terima kasih, Ibu," wato na gode, Inna. Cikinsa fari ne, da ɗan bauri da zaƙi, yana ƙaras-ƙaras a baki. Na yi wa 'yarta addu'ar samun lafiya a zuciyata har muka kai sama.

Azahar ta same mu a hanya. Ya tsaya a wani gidan mai da ke da ɗan ɗakin salla a baya, musala suke ce masa, da famfo da silifas na alwala. Ya jira ni a mota. Daga nan muka biya ta gidansu ya sauke jarkar, wadda tun daga Sebatu take kan kujerar gaba, ni ina baya. Mahaifiyarsa tsohuwa ce tukuf, ƙafa ta hana ta sauka kwazazzabon shekaru da yawa. Ta fito da sanda ta karɓi jarkar da hannu biyu, jikarta ta taya ta suka kai wurin bautar gidan. Aka kawo mini baƙin kofi da soyayyiyar ayaba, na sha a kan dakali.

Kwana na uku ban je ko'ina ba, cinyoyina sun yi tsami, na yini a gida ina kallon matar gidan da 'ya'yanta suna saƙa kwandunan gobe. Da na yi lissafi, ban da kuɗin jirgi, abin da na kashe a Bali bai kai rupiya miliyan uku ba. Na koma Jakarta na tarar an gama ɗinki, muka ɗaure kaya aka kai wa masu kago. Ranar da na sauka Kano an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwatocin unguwarmu sun toshe, ruwa ya hau titi da ledoji a kansa, sai da na naɗe wando na riƙe takalmi a hannu kafin na kai ƙofar gida.